Ɗigon Jan Farce a Kan Fuli

Ranar da na buɗe bonet don in ƙara ruwa, na hangi wani baƙin zare yana leƙowa ta tsagar murfin inji. Motar nan ita ke kai 'yata asibiti duk lokacin da asma ta shaƙe mata ƙirji, babanta kuma yana can wurin aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Na kira Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gareji kafin idonsa ya yi rauni. Ban gama bayani ba ya katse ni.

"Taimin bel ne, bel ɗin da ke daidaita bugun inji, ya fara cinyewa. Kada ki sake tayar da ita. Gobe zan zo da Auta."

Da Auta, kamar kullum. Tun muna yara ƙanwata ce ke bin Baba gareji, ni kuma in zauna gida in jira kayansu na wanki. Ita ta san kowace sifana da lambarta, ni na san sabulun da ke fitar da baƙin mai. Sau ɗaya na taɓa cewa zan bi su, Baba ya yi dariya ya ce, "Ke babba ce, wa zai kula da gida?" Na girma, na yi aure, na haihu, na sayi mota da gumina, amma har yau ban daina jin dariyar nan ba.

Da hantsi suka iso. Auta ta sauko da akwatin kayan aiki da sabon bel a kwalinsa, 'yata kuwa ta saki zanina ta ruga, Auta ta ɗaga ta sama.

"Anti! Anti!"

"Gimbiyata! Zo ki ga yadda ake yi wa motar Mama tiyata."

"Ki sauke ta," na ce. "Warin man nan ba ya yi mata daɗi."

"Haba Yaya, inji a kashe yake. Ko so kike ta tashi irinki, tana tsoron noti?"

Baba ya yi dariya, irin waccan dai. Ya zauna a kan kujerar roba a inuwar katanga ya ce, "Babba, ɗan samo mana ruwan sanyi." Na kawo ruwan, amma ban koma ciki ba. Na jingina da ƙofar motar na harɗe hannu, na ƙudura cewa ko ƙiftawa ba zan yi ba. Ina so in ga abin da hannun Auta ke yi wanda nawa ba zai iya ba.

Ta ɗaga motar da jak, ta cire taya, ta kwance murfin. Tsohon bel ya bayyana, duk ya tsattsage kamar diddigen manomi. Baba ya taso ya laluba fulin sama, wato ƙafar nan mai haƙora da bel ke hawa, ya ce alamar kamfani ta shafe da tsatsa.

"Kawo jan farcenki, Auta."

Haka yake aiki tun da can. Kafin a cire tsohon bel, sai a ɗiga jan farce a haƙori ɗaya na fuli, a ɗiga wani a jikin inji daidai da shi. In an zo saka sabo, ɗigo ya kalli ɗigo. In aka kauce, in ji shi, fistin zai gwabza wa bawul, sai dai a nemi wani injin. Auta ta ɗiga ɗan siriri, tsaf, Baba ya ce, "Hannun nan naki, Allah ya yi masa albarka." Ko ganin ɗigon bai yi sosai ba.

'Yata ta ga kwalba ta fara rigima, ita ma sai an shafa mata. Auta ta saɓa ta a kwankwaso ta shafa mata a yatsu, ta bar mata ɗan burushin tana wasa da shi. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna za a sake ce mini matsoraciya, na fasa. Baba ya kira Auta ta duba wani noti a ƙasa. Tana sunkuyawa, yarinyar ta miƙa hannu ta dangwala burushin a kan fuli, haƙori biyu gaba da na farko. Ɗigo ƙato, mai sheƙi. Babu wanda ya gani sai ni.

Aka sassauta, aka zare tsohon bel, fulin ya ɗan zabura ya juya da kansa. Baba ya ce ba komai, a mayar da shi kan alama. Auta ta sauke yarinyar, ta kama fuli da sifana, ta juya shi har ƙaton ɗigon ya daidaita da na jikin inji. Ta ɗora sabon bel tana 'yar waƙarta.

Wani abu ya taso mini mai zaƙi. A raina na hango Auta ta murɗa makulli, inji ya yi ƙara ya mutu, Baba ya juyo ya dube ta, yau dai ita. Na daɗe ina jiran wannan kallon ya sauka a kan wani ba ni ba. Sai 'yata ta yi tari a bayana, ɗan busasshen tarin nan da na fi kowa sani. Na juya, ba komai ba ne, ƙura ce. Amma na riga na ga kaina a bakin titi da ita a kafaɗa, ina ɗaga wa motocin mutane hannu.

"Ba wannan ɗigon ba ne," na ce.

Auta ba ta ko ɗago ba. "Yaya, don Allah."

"Naki ƙarami ne, ga shi can baya. Wannan gimbiyarki ce ta ɗiga lokacin da kika sunkuya."

"Ni na saka alamar nan da hannuna, ke kina tsaye kamar mai gadin banki."

"Tsayuwar ce ta sa na gani."

Baba ya taso. Ya ɗora babban yatsansa a kan ƙaramin ɗigon, ya ji ya bushe ƙayau. Ya danna ƙaton, ya ɗago yatsa ya kai kusa da idonsa. Ja ya manne masa.

"Amaryata," ya ce wa jikarsa, "ashe ke ma kin buɗe gareji?"

Na jira faɗan. Da ni ce, da har maƙwabta sun ji. Amma abin da ya ce wa Auta kawai shi ne, "Cire, ki goge wancan, ki mayar." Ta cire, fuskarta a murtuke, ta gyara. Ko a kuskure ma ita ce 'yar lele, wannan kuwa ya ci ni fiye da komai.

Da ta gama ɗaurewa ta miƙa hannu za ta ɗauki doguwar sifana, don Baba ba ya yarda a tayar da inji sai an juya shi da hannu zagaye biyu an ji babu inda ya cije. Sai ya riga ta ɗauka. Ya juyo wajena.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babba, durƙusa nan. Sa a wannan noti, ki juya a hankali. In kin ji ya tsaya cak, kada ki matsa."

Na durƙusa a kan siminti da zanina mai kyau. Sifanar ta fi yadda nake zato nauyi. Na juya, inji ya yi tauri, ya saki da wani ɗan huci, ya sake tauri, ya saki. Baba ya dafa kafaɗata yana sauraro. A ƙarshen zagaye na biyu ɗigo ya dawo ya kalli ɗigo.

Auta ta mayar da murfi da taya, ta jefo mini makulli ba tare da ta dube ni ba. Na sa yarinyar ta matsa can bakin ƙofa, na murɗa. Motar ta tashi lafiya lau.

"To, madalla," in ji Baba. "Auta, aikinki ya yi kyau."

Na dube shi. Yana ta goge jan farcen yatsansa da tsumma, ya ƙi fita.

"Babba," ya ce, "ɗan samo mana sabulu." Har na juya, sai ya ƙara da cewa, "Ki fara wanke naki hannun, ya fi namu baƙi."

Na kawo musu sabulun, na tsaya ina kallo suna wankewa. Nawa hannun na bar shi yadda yake har suka tafi.