Shanun Manu a Gonar Wake

Shekarar da ruwa ya ci gonakin Karakkai, Malam Lukuman bai tsaya zaman makoki ba. Gero ya tafi, to, sai me? Ruwa na janyewa ya kira gayya, aka sake huɗa, ya zuba wake. Maƙwabcinsa Shu'aibu kuwa, wanda ko a shekarar albarka sai an tashe shi noma, ya shimfiɗa tabarma a gindin ceɗiya ya ce shi ya bar wa Allah. Gonarsa ta koma laka da ciyawa, har kwaɗi suka kafa gari a ciki.

Wake kam ya yi kyau, tubarkalla. Ya fara fure, Shafa'atu matar Lukuman ta fara cewa bana yara ba za su kwana da yunwa ba. Shi ne abincin gidan har wata damina, babu wani.

Kwatsam sai labari ya zo daga Bungudu: kwamitin tallafin ambaliya na tafe daga Gusau, kuma su ba ruwansu da bayanin baki. Gonar da suka tarar a lalace, a ɗauki hoto a biya. Wadda suka tarar kore shar, mai ita ya gode wa Allah.

"Ka ga amfanin haƙuri?" in ji Shu'aibu yana miƙa. "Kai da azarɓaɓinka ka goge shaida."

Maganar nan ta tsaya wa Lukuman a rai. Wato shi da ya yi gumi zai tashi a tutar babu, malalaci ya dara? Ina! Washegari ya nufi rugar Manu, makiyayin da ke kawo shanu kowace kaka bayan girbi, su ci kara su bar taki.

"Manu, koro shanunka gonata yau."

"Malam, ai ba ka girbe ba," in ji Manu. "Ko so kake a ɗaure ni?"

"Gonarka ce ko tawa? Koro su na ce!"

Shafa'atu ta biyo shi har bakin gona, hawaye shaɓe-shaɓe. "Malam, don girman Allah, kada ka saki reshe ka kama ganye."

"Mi kika sani a sha'anin gwamnati? Koma gida."

Kafin la'asar shanu sun share gonar tas.

Da kwamiti ya iso, shugabansu Alhaji Bello ya sauko daga mota yana tattare farar shaddarsa kada ta taɓa ƙasa. Ya ga gonar Shu'aibu, ya girgiza kai, ya yi salati, aka ɗauki hoto. Ya shiga ta Lukuman, taku na farko takalminsa ya nutse a kashin shanu.

"Malam, me ya ci gonar nan?"

"Ranka ya daɗe, ruwa ne ya fara..."

"Ruwa yana da kofato ne? Mu na ambaliya ne. Ɓarnar shanu aikin wani kwamiti ne, shi kuma ba a kafa shi ba tukuna."

Suka shige mota. Lukuman ya tsaya a tsakiyar gona, baƙin ciki kamar ya kashe shi, yana jiyo Shu'aibu na karɓar barka.

Da yamma Manu, mutumin kirki, ya aiko da ƙwaryar nono ta godiya. Shafa'atu ta raba wa yara, ta ajiye ragowar a gaban mijinta.

"Ga wakenka, Malam," ta ce. "Sha a hankali, shi ne girbin bana."