Sunayen da Ba a Gogewa

Kwana uku ke nan saƙon ƙungiyar masu ba da jini ba ya isa ko'ina. Sakatariya ta tura, ta sake turawa, ta kashe kwamfutar ta kunna kamar yadda ake yi wa duk abin da ya ƙi ji, amma a banza. Duk imel ɗin da ya fita sai ya dawo da dogon bayani, wanda taƙaitawarsa ita ce an saka adireshinsu a baƙin littafi, cikin jerin 'yan damfara da masu tallan maganin ƙarya. Shekara tara tana nema wa mutane jini, yau ita ce 'yar damfara. Ko ƙarfin jin haushi ba ta da shi.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan kantin magani, da tebur, da benci, da fankar da ta fi iya kuka kan ba da iska. A kan bencin, wani Kafinta ne zaune tun safiyar yau Litinin, garin katako a gashin hannunsa. Matarsa na asibiti, ranar Alhamis za a yi mata tiyata, kuma likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga jini leda uku, na wani rukuni mai wuyar samu. Da kyar Sakatariya ta samo leda ɗaya ta waya. Sauran lambobin da ke tsohon rajista, wasu a kashe, wasu sun koma hannun mutanen da ba su san zancen ba. Imel kaɗai ke kai wa ga mutum ɗari shida a lokaci guda.

"Anti, sun amsa?" in ji Kafinta, karo na biyar.

"Tukuna dai, Malam. Ana kai."

Da hantsi Injiniya ya iso. Mai gyaran kwamfuta ne, da tumbi da tabarau, kuma ba ya taɓa na'ura sai ya fara yi mata faɗa. Ya jima yana duba jerin adireshin, yana tsaki.

"Yaushe rabon da ki share wannan jerin?"

"A share shi kamar yaya?"

"A cire waɗanda suka daina amfani. Waɗanda suka canza, waɗanda suka rasu."

"Ai mu ba ma cire kowa."

Injiniya ya zare tabarau ya dube ta. Gaskiya ta faɗa. Shugaban ƙungiyar, wanda kuma surukinta ne, mahaifin marigayi mijinta, shi ya kafa dokar tun ranar farko: wanda ya ba da jininsa ba a soke sunansa, ko ya ƙaura ko ya bar duniya. Duk wata ana tura wa kowa gaisuwa da godiya, don kada a ce sai ranar buƙata ake tunawa da mutum.

"To ga matsalarku nan," in ji Injiniya. "Idan adireshi ya daɗe ba a buɗe shi ba, rufe shi ake yi. Saƙo ya yi ta dawowa, wata da watanni. Daga baya sai masu farautar 'yan damfara su sake buɗe shi, su mai da shi tarko. A lissafinsu, mai gaskiya zai ga saƙo na dawowa ya daina turawa. Duk wanda ya ci gaba, to ɓarawo ne."

"Kana nufin in saƙon ya daina dawowa…"

"Tarko ne ke karɓa, Hajiya. Ba kowa a ciki."

Ta tuna wani adireshi a jerin. Shekara huɗu da rasuwar mijinta. A farko, duk wata sai gaisuwar ta dawo daga adireshinsa, ta gani ta kawar da kai. Sai bara ta daina dawowa. Ta san ba hankali a ciki, ita ba yarinya ba ce, amma ranar ta ji sanyi a ranta kamar an buɗe ƙofa an karɓa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Akwai fom na neman a cire su daga baƙin littafin. Yana so a rantse an goge duk matattun adireshi, kuma amsa sai bayan kwana biyu. In aka sake faɗawa tarkon, sai wata guda.

Ta kira Shugaba ta yi masa bayani dalla-dalla.

"'Yata," in ji tsohon, "na'ura ce za ta koya mana mutunci? Ki rubuta musu ki ce mu mutanen kirki ne."

"Baba, ba wurin rubuta wannan a fom ɗin."

"To a bari na zo jibi mu duba. Kada ki taɓa sunan kowa."

Jibi Laraba ce. In ta jira, amsa sai Juma'a. Ta leƙa ta ga Kafinta ya yi gyangyaɗi a zaune, da takardar asibiti a hannu. Tun da ta shigo gidansu ba ta taɓa tsallake maganar tsohon ba.

Injiniya ya ce zai iya kwashe su duka da dannawa ɗaya. Ta ce a'a, ya tafi abinsa, ita za ta yi. Ta ɗauko rajista ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Direban da ke zuwa da rake a aljihu don kada jiri ya ɗebe shi. Malamar da ke tsoron allura amma ta zo sau goma sha ɗaya. Wasu ma ta manta fuskarsu, wannan ya fi ci mata rai. Sai da rana ta karkata ta gama, bayanta na ciwo, idonta na yaji. Ta cike fom, ta danna cewa ita ba mutum-mutumi ba ce, aka sa ta zaɓi hotunan da ke da keke har sau uku, sannan fom ɗin ya tafi.

Talata ba abin da ya faru, sai tambayar Kafinta da kukan fanka.

Laraba da azahar amsa ta zo, layi ɗaya, ba gaisuwa ba ban haƙuri: an cire su daga baƙin littafin. Ta tura roƙon jinin, ta zauna tana jiran ya dawo. Bai dawo ba. Kafin awa guda wani mai walda da wata ma'aikaciyar banki suka amsa cewa suna hanyar asibiti. Kafinta ya fita a guje, ko sallama bai yi ba, ya kusa ture Shugaba da ke shigowa da sandarsa.

Tsohon ya zauna a bencin yana haki. Ya dubi ƙofar da Kafinta ya bi, ya dubi kwamfutar. Ba ya buƙatar a gaya masa.

"Mutum nawa kika cire?"

"Arba'in da uku, Baba."

Ya jinjina kai, yana murza kan sandar da babban yatsa. Ta shirya wa faɗa, ta ma fi son a yi faɗan a wuce wurin. Amma da ya buɗe baki, muryar ƙasa-ƙasa ta fito.

"Har da nasa?"

"Har da nasa."

"Ni ma ina rubuta masa," in ji tsohon. "Tun bara na ga wasiƙar ta daina dawowa."