Kwalbar da Na Ba Danda

Maigidana, Baban Sakina, yana da ciwon sukari. Shekara shida muna ajiye kwalbar allurarsa cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, a gidanmu na Kanan-Bakashe. Daga Katsina ake kawo mana ita.

Daminar da sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki. Da na ga ruwan kwalbar ya kusa ƙarewa, na kira ƙanena Danda. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu. Ɗan kabu-kabu ne, yana haya da babur, ya san duk hanyoyin daji na kudu. Na ba shi tsohuwar kwalba don ya nuna a kanti a Katsina ya sayo sabuwa, ya karɓa da hannun dama. A wurinmu, wanda ya karɓi sallahu da hannunsa ya ɗauka ke nan. In ba zai iya ba, nan take yake faɗi.

"Yaya, jibi kina da ita," in ji shi.

Kwana takwas na yi ina duban hanya. Maƙwabciyata Ladi ta ce in tashi in nema da kaina, na ce a'a, Danda ya karɓa. Wannan kuskurena ne.

Ran na tara Baban Sakina ya daina gane mutane. Na hau mota zuwa Mayahi. Mai farmasi ya buɗe mini firigonsa, ba komai ciki sai ɗumi. Na wuce Tasawa, nan ma haka. A tasha masu tumatir suna zubar da kayan da suka ruɓe, manyan motoci a jere, direbobi kwance a ƙarƙashinsu. Wani mai moto, ɗan kabu-kabu, Gajere, ya yarda ya bi da ni ta daji zuwa Katsina.

Ba mu yi nisa da gari ba muka tarar da igiya a gicciye, samari da tutoci suna tsare hanya. Wanda ke riƙe da igiyar Danda ne, da sabuwar riga.

"Yaya! Mi ya kawo ki nan?"

"Ina sallahuna?"

Ya dubi abokansa kafin ya dube ni. "Yanzu ni ɗan kwamitin tsare hanya ne. Waɗanda suka kashe mana wuta za mu kai wa kuɗinmu? Zancen ƙasa ne, Yaya."

"To da ka aiko ka gaya mini."

"Na yi niyya."

Gajere ya yi dariya. "Kai Danda, ba kai ka koya mini hanyar nan ba?"

Da jin haka fuskarsa ta canja. Ya zare makullin moton. Na ce, "Ɗaga igiyar, ni kaɗai, ko a ƙasa in tafi." Ya ce in ya ɗaga wa 'yar'uwarsa, da wane ido zai dubi saura. Ya sa hannu cikin aljihu ya miƙo mini kwalbar, yadda na ba shi.

Na isa gida bayan la'asar, na tarar da tabarmi a ƙofa.

Ran addu'ar uku Danda ya zo da buhun gero, ya durƙusa yana kuka. Na amsa gaisuwarsa kamar ta kowa. Da zai tafi ya ce, "Yaya, gobe za ni Maraɗi, ko kina da sallahu?"

Na ce ba ni da shi.