Kiɗan da Mai Gyaran Firij Ya Yi wa Yayarsa

Mai gyaran firij bai taɓa zama gaban malamin kiɗa ba. Jitar da yake kaɗawa ma a gidan wasu masu ƙaura ya same ta, jingine bayan wani mataccen firij, suka ce ya haɗa duka ya kwashe. Tsirkiya biyu sun tsinke, wuyanta ya karkace. Ya gyara ta yadda yake gyara komai, da filaya da haƙuri, ya rataye ta a shago kusa da tukunyar gas. In aiki ya lafa sai ya ja kujera can ciki, ya yi ta lalube har yatsunsa suka yi kanta. Shekara da shekaru yana kwaikwayon abin da ya ji a rediyo, bai taɓa yin nasa ba.

Sai yayarsa ta zo yin ritaya daga aikin jinya. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kama hannunsa ta kai shi koyon sana'a, kuma har yanzu da furfura a gemunsa Auta take ce masa. Ya ƙudurta a ransa zai yi mata kiɗa na kansa. Abin mamaki, bai sha wuya ba. Wata rana da azahar yana jiran wani firij ya ɗauki sanyi, kiɗan ya zo masa cif, kamar an zuba masa a kunne. Ya yi ta maimaitawa yana murmushi shi kaɗai. Ko matarsa bai bari ta ji ba.

Ranar taron falon Yaya ya cika da abokan aikinta, an jera kujerun roba har bakin ƙofa. Ya miƙe cikin rigarsa mai karin guga ya ce, "Wannan ni na ƙirƙira shi da kaina, saboda Yaya."

Aka tafa. Ya fara. Bai yi nisa ba ya hango wata mai tabarau ta toshe baki da hankici, kafaɗunta na rawa. Ya ɗauka kuka take, har ya ƙara dagewa. Sai ta kusa da ita ta soma rerawa ƙasa-ƙasa, daidai da kiɗan: "Mai basir, zo ka huta, mai basir, zo ka zauna!"

Falon ya ɓarke da dariya. Nan take ya gane. Motar mai tallan maganin basir ce, wadda ke tsayawa tsallaken shagonsa kullum da lasifika a bisa kanta. Waƙarta ce ta shige masa kai bai sani ba, ya wanke ta ya goge, ya kawo ta gaban ma'aikatan asibiti da sunan tasa. Ya so ya tsaya, hannun ya ƙi, ya yi ta kame-kame har ya kai ƙarshe. Ya ajiye jitar a kan kujera, ya bi ta kicin ya fice, takalminsa a hannu.

Ya daina ɗaga wayar Yaya. In motar maganin ta iso, sai ya kunna injin walda ko da babu abin liƙewa. Matarsa ta ce, "Baban yara, ai ba kisan kai ka yi ba." Ya ce ta bar maganar.

Wata safiya Yaya ta shigo shagon da jitar a hammata, ta share kan wani firij ta ɗora ta.

"Auta, ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma na yi dariya. Har sai da cikina ya ƙulle."

Ya sunkuyar da kai yana juya sukundireba.

"Amma akwai wurin da ka sassauta a tsakiya, ka saki hanya. Wannan ba na mai magani ba ne. Na saurari motar tasa har sau biyu don in tabbatar."

"Kuskure ne, Yaya. Hannuna ne ke rawa."

"To, kuskuren nake so. Ka ƙaro min shi."

Da ƙyar ya tuno wurin. Ɗan guntu ne, bai kai a kira shi kiɗa ba. Wannan karon abin ya ba shi wuya ƙwarai. Ya yi wata da watanni yana ƙarawa yana cirewa, kuma duk gaɓar da ta zo masa da sauƙi sai ya zarge ta. Yakan tare matarsa, ko mai facin taya na kusa da shi, ya kaɗa musu ya ce, "Don Allah, kun taɓa jin wannan a wani wuri?" Har suka gaji da shi.

Da ya gama, ya je gidan Yaya lokacin da ya san babu baƙi, ya tura ƙofar falo, ya zauna yana kallon bango ya kaɗa mata. Tana ninke kayan wanki, ba ta dakata ba sai da ya kai ƙarshe.

"Farkon ya yi," ta ce. "Ƙarshen ya cika ja."

Ya ce zai gyara. Yana fitowa ya hango mai tabarau ɗin nan ta nufo gidan, ya yi wuf ya tsallaka titi, ya tsaya yana duba wayarsa har ta shige.