Hannun da Ke Ɓata Mana Hoto

Mun kai mu arba'in, masu ɗaukar hoto, a gangaren kwanar Hayadani ranar da tsohon kan jirgin ƙasa mai lamba sha tara zai ja taragun siminti zuwan ƙarshe. Ni tun shida na safe na kafa ƙafar kyamarata, don haka daga kaina layi ya fara. Ka'idarmu ke nan: wanda ya riga kafawa shi ya ja iyaka, na baya ya hau tsani ko ya durƙusa, amma ba mai shiga gaban wani. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar jiragen kaya a kwanar nan, tun ina raba wasiƙu a kan keke, ba yau za a koya min ba.

Hoton da muke nema kowa ya san shi. Kan jirgi ya wuce turken wuta na uku, taragon ƙarshe ya fito daga bayan dutse, rana tana goshinsa. Ba mota, ba tsuntsu, ba mutum. Mutum ma ya fi komai ɓata hoto.

Saura minti ashirin jirgi ya iso, sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga gonar kabejin da ke ƙasanmu, da rigar sanyi jawur, ta je ta tsaya daidai gindin turke na uku. Wuri ya ɗauki gunaguni. Kuramochi mai shagon tabarau, wanda bakinsa ya fi kyamararsa aiki, ya ce ni zan je, wai ai na saba buga ƙofar mutane. Na sauka ina tafasa. Amma tun a hanya abin ya fara ɗaure min kai, don ba kwando a hannunta, ba lauje, sai wani farin tawul a ninke. Kuma ba layin dogo take kallo ba, mu take kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani a tasha.

Na rusuna na gaishe ta, na ce sunana Iwabuchi, na roƙe ta ta matsa taku goma na ɗan lokaci. Ta ce sunanta Nonomura, wato Nonomura-san in za a girmama, gonar tata ce, kuma za ta matsa. Dama mu ta fito nema, don ta ji a kantin ƙauye cewa daga yau ba za mu sake taruwa a nan ba.

"Ku da ba jirgin da ke wuce ku," ta ce, "ko a cikinku akwai wanda ya taɓa ɗaukar direba?"

Saura kaɗan in yi dariya. Wa ke ɗaukar direba? Na tambaye ta dalili. Ta ce maigidanta ya yi shekara ashirin da biyu yana jan jirgin nan, ya rasu shekara shida ke nan. Tana da hotonsa na aure da na bikin yaye 'ya'ya daga makaranta, duk cikin kwat, ya sandare kamar an ɗora masa laifi, amma ko ɗaya babu a bakin aikinsa. Ta ce ba zai yi wuyar ganewa ba, don duk ranar da ya zo wucewa takan fito da tawul, shi kuma ya miƙo hannu ta taga.

Mai Hannu! Haka muke kiransa. Ba mu san sunansa ba, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, amma babu wanda bai zage shi ba a gangaren nan. Ka yi awa huɗu cikin sanyi, rana ta zauna daidai, yatsanka na kan maɓalli, sai farar safar hannu ta fito ta taga tana rawa. Mun ɗauka da gayya yake mana. Ni kaina na taɓa rubuta takardar ƙorafi, matata ce ta hana ni aikawa.

Ban faɗa mata wannan ba. Na ce zan duba. Ta gode, ta koma bayan rumfar kayan gona. Jirgi ya zo a kan lokaci, kyamarori suka yi ta ƙara kamar ana suyar wake, nawa hoton ya fito tsaf.

A shagon taliya da muke taruwa bayan an tashi na tambayi sauran. Wannan ya ce yagawa yake yi, wancan ya ce ya zubar tun da ya sake gida. Kuramochi ya ce shi da kwamfuta yake goge hannun, sannan ya share na asalin don kada ya cika masa wuri. Da na gaya musu ko wace ce matar, kowa ya sunkuya kan kwanonsa yana zuƙar romo.

Ni na san abin da nake yi da nawa, shi ya sa na ji tsoron buɗe akwatunan. Da fim nake aiki har yau, kuma duk dodon hoton da ya ɓaci almakashi nake sa masa. Kwana uku ina ɗaga su a jikin taga ɗaya bayan ɗaya, matata tana wucewa tana cewa yau kuma jirgin wa ya ɓata. Duk inda na ga giɓi a jeri, na san hannunsa ne ya fito ranar. Giɓin kuwa ga su nan birjik. Wallahi kunya ta ishe ni.

Rana ta uku na ga ɗaya da ban yanke ba. Na wata safiya ce da ƙanƙara ta rufe kwarin gaba ɗaya, hoton ya yi kyan da na kasa sa masa almakashi. A lokacin sai na sa mai wankin hoto ya shafe hannun da fenti a jikin takardar hoton, ya datse gefen hagu, har na ci na uku da shi a gasar gunduma. Na kai dodon wurin Hatakeyama, tsohon da ya rage yana wanke fim a garinmu, na ce ya fitar min da shi babba, har bakinsa, kada ya taɓa komai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce har da dattin? Na ce har da shi.

Da na je gidan Nonomura, ta karɓe ni da shayi da busasshen kaki, wani ɗan itace mai zaƙi. Na miƙa mata hoton da hannu biyu, na fara ba da haƙuri, na ce fuska ba ta fito ba saboda gilashi, hannu ne kawai, shi ma bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ci gaba na faɗa mata sunan da muka sa masa da abin da muka yi da sauran hotunan. Ashe ba ta ma jina. Ta sa tabarau, ta daɗe a kan hannun, sannan yatsanta ya gangara gefen hagu, wurin da na sa aka datse a da. Ni ko lura ban yi ba. Wata mace ce 'yar mitsitsiya tsaye cikin ƙanƙara har gwiwa, ba mayafi, tawul a sama.

Ta juya bayan hoton ta karanta kwanan watan da na rubuta.

"Ranar da ƙanƙara ta rusa mana ɗakin kaji ce," ta ce. "Faɗa muka yi da asuba, ko abincin tafiya ban ɗaura masa ba. Na ce masa kada ya sa ran ganina. Tun da ya rasu nake tuna ranar nan, Iwabuchi-san, ina zaton ban fito ba."

Ta shafa wurin da babban yatsa a hankali.

"Ashe na fito."

Na rasa inda zan sa idona, sai na ɗauki shayin na kurɓa, ya riga ya huce. Can ta ɗago kai ta tambaye ni ko akwai saura, ko da marasa kyau ne.

Na ce babu, Nonomura-san. Shi ke nan.