Katantanwar Malam Abdulƙadiri

Wata huɗu na yi ina rubuta shirin tsargiya, cutar fitsarin jini. Na karanta kimiyyar halittu, burina kuwa ɗaya ne: a ba ni filin kimiyya na gidan rediyon da nake koyon aiki, in riƙa yi wa mutane bayani da Hausar da suke ji. Na kai wa Malam Abdulƙadiri, mai gabatar da filin noma, ya duba mini. Ranar Talata sai na ji rubutuna a bakinsa a rediyo, ko waƙafi bai canja ba, bai kuma ambaci sunana ba. Shugabarmu Madam Maureen ta ce da alama filin kimiyyar nasa zai zama. Na yi kuka, sannan na share hawaye na fara jira.

Masuntan Taloka suka aiko cewa sun ji, amma sai sun gani da ido: yaya katantanwa za ta sa yaro fitsarin jini? Aka sa rana za mu je, har da Madam Maureen. Malam ya sa aka tsinto masa katantanwa manya-manya daga lambu. A mota ya nuna mini kwalbar da ya zuba su yana washe baki. Na ce ta yi kyau. Tawa kwalbar tana cikin jaka, da ƙananan na bakin madatsar ruwa.

A gaban jama'a ya ɗaga kwalba ya soma zuba bayani. Sarkin Ruwa Gidaɗo ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Malam, mi kak kawo muna? Wagga ai ta tudu ta. Shekara arba'in ina cikin ruwa, ban taɓa gamuwa da ita ciki ba."

Dariya ta ɓarke. Malam ya dube ni, gumi har cikin kunne. Na san amsar, na kuma bar shi ya yi ta kame-kame sai da raina ya yi sanyi. Sannan na ajiye kwalbata a rana, na jira tsutsotsi su fito daga jikin katantanwar, na ba Sarkin Ruwa madubin ƙara girma. Ya ga 'yan tsutsotsin da ke huda fata suna iyo, ya yi salati.

"Ɗiyata, wa ak koya miki wanga?"

"Wanda ya rubuta shirin da kunka ji, Baba. Ni ta."

Madam Maureen ta karɓi makirufo daga hannun Malam ta miƙo mini. Layin masu son gani ya kai bakin jirage.

Na ce, "Malam, riƙe musu kwalbar. Kada ka girgiza."

Awa biyu ya yi tsaye a rana, ban kuwa yi sauri ba.