Kumfa a Jinin Ma'azu

Duk Hausawan ginin Tianxiu da ke birnin Guangzhou na China sun san Ma'azu da abu biyu: loda kaya zuwa Kano, da haukan shiga kogon ruwa. Mutumin da ya tashi a Kurna, ruwan da ya sani bai wuce kududdufi ba, shi ne yanzu ke saɓa tulunan iska ya bi wasu 'yan China zuwa lardin Guangxi, su nutse cikin ramin da rana ba ta taɓa leƙawa ba.

Ya sha gaya wa Shitu, abokin shagonsa, cewa sauka ba wuya, hawowa ce aikin. A can ƙasa iskar da kake shaƙa narkewa take a jininka, in ka yi gaggawar fitowa sai ta taso kamar lemon kwalba da aka girgiza. Dole ka riƙa tsayawa a hanya kana kallon dutse, ko sanyi zai kashe ka. Bayan ka fito kuma babu kai babu jirgin sama sai jiki ya huce. Shitu dai iyakarsa, "Allah ya shirye ka."

Kafin ya tafi ramin a wannan karon ya kira gida, don Hajiyarsa na kwance. Ƙanwarsa Najiba ta ce, "Da sauƙi, Yaya, alhamdu lillahi." Mutanenmu kuwa ko mutum na gargara da sauƙi ake cewa, balle ga na nesa, wai kar a tayar masa da hankali. Ma'azu ya san haka sarai. Amma ransa na kan ramin, sai ya yarda.

Ya dawo Guangzhou da hantsi, ƙafarsa ta hagu kamar tururuwa na yawo a ciki. Bai fita daga tashar jirgin ƙasa ba Najiba ta kira tana kuka. "Yaya, ka taho. Sunanka kawai take kira."

Filin jirgi ya ce a kai shi. Shitu, da ya zo tarbarsa ya ga yadda yake jan ƙafa, ya ce wa mai tasi asibiti. Likita bai ja zance ba: kumfa ce a lakarsa, in ya hau sama za ta kumbura, ba zai sauka da ƙafafunsa ba. Ma'azu ya miƙe zai yi gardama, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.

Suka sa shi a wani ƙaton tulun ƙarfe da ake matsa wa iska, kamar an mayar da mutum ƙarƙashin ruwa. Ba a shiga da waya, don haka ya bar wa Shitu tasa. In an rufe ƙofar kuma ba a buɗewa sai lokaci ya cika, ko wa ya ce.

Akwai 'yar taga ta gilashi mai kauri. Ta nan, wajen la'asar, ya ga Shitu ya amsa waya ya juya masa baya. Can sai ga Alhaji Barmo na shagon atamfa, sai ga Munkaila mai takalma, mutanen da ko gobara ba ta raba su da shago a wannan lokacin. Suka jeru jikin bango, hannuwa a baya, ba wanda ya kalli tagar.

Ma'azu ya fizge robar numfashin da aka sa masa a fuska, ya buga ƙarfen da tafin hannu. Muryar nas ta fito ta lasifika cikin ladabi, ta kira shi maigida da yarensu. "Laoban, ba yanzu ba. Ka mayar da robar numfashi."

Ya mayar da ita fuskarsa. A cikinta ya yi Innalillahi, yana shaƙa yana fitarwa yadda aka ce ya yi.